Rasuwar Gertie, Akori-kurar da Sanyi Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga wadda har yanzu gumi bai bushe a bayanta ba, Delbert Yancey na garin Harlan Wells da ke yammacin Texas, a madadinsa da iyalinsa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda aka taɓa rage wa hanya, rasuwar tsohuwar akori-kurarsa koriya, wadda kowa ya sani da suna Gertie. Marigayiyar ta cika ranar faretin Huɗu ga Yuli, bikin 'yancin ƙasa, da rana tsaka, a tsakiyar babban titi, a idon mutanen gari kaf, bayan gajeriyar rashin lafiya da mai ita ya yi oda da kansa, ya kuma ɗaura mata da hannunsa.

An ƙera Gertie a shekarar 1966. Ta shigo gidan Yancey tun Delbert yana saurayi mai gashi a ka, kuma da ita ya fara zuwa ɗaukar Verna, wadda daga baya ta zama matarsa, a ƙofar gidan ubanta. Tun daga lokacin marigayiyar ba ta san hutu ba. Ta yi dakon ciyawa da wayar shinge, ta kai maruƙa kasuwa, ta janyo motocin da suka raina ta daga cikin taɓo, ta kwashe kayan ƙaurar rabin garin nan ba tare da an ko zuba mata mai ba. Masu cewa a ara musu ita na ɗan lokaci sun san kansu, kuma ana sa ran ganinsu a wurin jana'iza.

Ba ta da yawan magana, amma abin da take faɗa ba ya canzawa. Da safe in an murɗa makulli sai ta ce "kyar-kyar-kyar", ta yi shiru kamar mai nazarin ko fitar ta zama dole. Sai Delbert ya ɗan taka mai ya ce, "Haba Gertie, ana kallonmu," sannan ta amsa da "gurrrr" har kajin maƙwabta su watse. Ƙofar direba takan ce "ƙiiii". Ta ɓangaren Verna kuwa ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta sama an fizgo, ta ce "gam". Mutum biyu kacal suka iya rufe ƙofar nan, kuma sun auri juna.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi ba don ta tafi: zafi. Rana ta gasa ta sama, inji ya huro wuta ta ƙasa, wanda ke zaune a tsakiya ya ji a jikinsa. Verna ta jure shekara da shekaru da mafici a hannu, har sai bara waccan da likita ya ce zuciyarta ba ta son zafi. Daga nan ta koma shiga motar 'yarsu Darlene, sabuwa dal, mai sanyi, mai muryar mace da ke gaya wa mutum hanyar garin da aka haife shi. Ranar Lahadi sai ka ga uwa da 'ya a gaba, Delbert da Gertie suna biye a baya, kujerar gefe ba kowa sai malafarsa. Bai taɓa yin ƙorafi ba, don Delbert ba mai faɗar abin da ke ransa ba ne. Amma abin ya ci masa rai ƙwarai, ya yi kewar matarsa alhali gida ɗaya suke kwana.

Inda ya fi jin ciwon shi ne faretin bara. Kowace shekara tsofaffin motocin gari ke bin bayan 'yan badujalar makaranta, Delbert yana tuƙi, Verna tana jefa wa yara alewa ta taga. Bara shi kaɗai ya fita, yana tuƙi da dama yana jifa da hagu, har ya samu matar fasto a goshi. Da ya dawo gida ya ɗaura aniyar bana sai Verna ta koma kujerarta, ko da kuwa zai sa wa Gertie iyakwandishan, abin da tun da aka ƙera ta ba ta taɓa gani ba.

Nan ciwon ajali ya samo asali. Kayan suka iso a kwalaye, Delbert da abokinsa Hoyt Culpepper, tsohon makanike da ya ajiye aiki amma bai ajiye baki ba, suka shige gareji. Aka huda nan, aka ɗaure can, aka ƙara wa inji sabon bel da sabon nauyi. Hoyt ya ƙwanƙwasa lagireto ya ce, "Mutumina, wannan fa kansa ma da ƙyar yake ɗauka. Mu sa babba, mu ƙara fanka." Delbert ya dube shi kamar ya ce a cire wa Verna haƙora. "Da shi aka haife ta," in ji shi. "Ka taɓa ganin an ba mota kambu a baje koli da lagireton aro?" Hoyt, wanda shi ma tasa motar ba a taɓa sake mata ko madubi ba, ya ga ai wannan magana ce. Suka gwada ta a babbar hanya, tana gudu iska tana kaɗa ta, sanyi ya cika cikinta har Hoyt ya yi atishawa. Babu wanda ya tuna cewa a fareti ba a gudu.

Ranar ta zo da irin zafin da ke narkar da kwalta. Verna ta fito da kwandon alewa, ta shiga, ta ɗaga ƙofa ta fizgo. Sanyi ya buge ta, ta lumshe ido ta ce, "Tsoho, ashe ka iya abu." Shaidu sun ce kunnuwan Delbert sun yi ja. Aka shiga layi, 'yan badujala suka kama busa, aka fara tafiyar da ko mai dogara sanda zai wuce ta.

Ba a je ko'ina ba Verna ta hango matan cocinsu jere a bakin titi suna ɗaga hannu. Nan take ta kama murɗa gilashi ƙasa. Delbert ya ce, "Verna, sanyin zai fita." Ta ce, "Ya fita mana. Ni in wuce mutane a bayan gilashi kamar matar gwamna? Gobe a ce Verna Yancey ta daina gaisuwa?" Shi ma ɗin gwiwar hannunsa tuni tana waje, tun yana saurayi ba ta san wani wurin zama ba. Sai kawai ya ƙure iyakwandishan, marigayiyar ta ɗauki aikin sanyaya yammacin Texas ita kaɗai.

'Yan badujala kuwa a kowace kwanar titi sai sun tsaya sun nuna abin da suka koya. Allurar zafin inji ta fara hawa. A nan dole a faɗi gaskiya, ko da za ta ɓata wa mai makoki suna: Delbert ya gani. Maɓalli ɗaya zai murɗa ya kashe sanyin, Gertie ta samu numfashi. Har ya kai hannu. Sai ya waiga ya ga Verna tana dariya, iska mai sanyi tana kaɗa mata furfura, tana kiran yaran mutane da sunayen iyayensu. Ya janye hannun, ya cire malafarsa ya rataye ta a kan allurar.

Daidai ƙofar kotu marigayiyar ta ce "tak-tak-tak", maganar da ba a taɓa jin ta yi ba. Ta yi wata girgiza, ta ce "fissss", farin tururi ya turnuƙe titi. Yara suka yi tafi, a zatonsu cikin wasan ne. Hoyt ya keto taro ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Ta rasu ta bar Delbert da Verna, da Darlene wadda tun farko ta ce a sayar, kuma an roƙe ta ta daina maimaitawa. Ta bar karen gidan, Buford, da har yanzu yake hawa bayanta da safe ya zauna yana jiran a tashi. Ta bar tayar ko-ta-kwana da rabonta da iska tun Darlene tana goye. Ta kuma bar iyakwandishan ɗin, wanda ya fito lafiya lau ko ƙwarzane babu, yana nan maƙale yana sheƙi ba kunya ba tsoron Allah.

Ana karɓar gaisuwa a barandar gidan Yancey. Za a samu gasasshen naman sa da wake da shayi mai ƙanƙara. Kek ya riga ya yi yawa, don Allah a dakata haka. Duk mai niyyar furta kalmar lagireto ya yi zamansa a gida, Delbert ya riga ya ji, kuma ya ce in aka maido ranar, a nan malafar za ta sake rataya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, in rana ta yi sanyi. Za a ɗauko marigayiyar daga bayan garejin Hoyt, tarakta ta ja ta zuwa gindin babbar bishiyar da ke bayan gidan Yancey, inda za ta kwanta kusa da tsohuwar garmar mahaifin Delbert. Tun da sai da mutum a sitiyari ake jan mota, Delbert ne zai riƙe. Verna ta ce da ita za a tafi, a kujerarta. Darlene ta tuna mata maganar likita, Verna ta ce, "Ke dai ba ki san mota ba. Ba inji, zafin ta ina zai fito?"

Masu rakiya su hallara da wuri, su bi a baya a hankali. Delbert ya roƙi mai tarakta kada ya yi sauri, kuma in ba damuwa, ya bi ta doguwar hanya.