Nomau da Em-pin Tabawa

A Tungar Kanya akwai wani mutum ana ce masa Nomau, wanda in ka ce masa ya tsaya nan, sai ka dawo ka tarar ciyawa ta tsiro a gefen ƙafarsa. Gidansa ɗaki biyu ne da turmi a kife. Tun da matarsa Tabawa ta rasu ba ya buɗe ɗakinta. Abin da ya rage masa 'yar em-pi ce da ƙanenta ya bar masa, mai waƙa ɗaya tak a cikin memori: Tabawa tana daka tana rerawa ranar wani suna. Can tsakiya sai ta yi dariya ta ce, "Kai, kashe abin nan!" Nan take Nomau zai kashe. Kullum haka.

Wata rana em-pi ta ƙi kamawa. Ya kai wa Sallau mai caji, gwanin da garin nan bai san darajarsa ba har yau. Sallau ya ce, "Danna nan ka riƙe, kada ka saki sai ta kawo wuta." Ashe batir ne ya ƙare. Nomau ya koma gida ya zauna a kan turmi yana danne. Hantsi ya yi, rana ta take, tuwon jiya na kallonsa yana kallonsa. Da la'asar sai ga shi da yatsa kamar rogo.

"Baba Nomau, ba ka saki ba?"

"Ba ta kawo ba."

Haka aka jona ta a caji da shi da yatsan gaba ɗaya. Mutane suka ce wai laifin Sallau ne. Ku ji fa!

Wata rana kuma ta suɓuce masa cikin randa. Sallau ya ce a binne ta cikin ɗanyar shinkafa, kada a taɓa sai ta bushe. Nomau ba shi da ko ƙwaya, sai ya wuce rumfar Iya Talle, maƙwabciyarsa mai sayar da shinkafa, ya cusa ta cikin buhunta, ya shimfiɗa buzu a gindi. Duk wanda ya zo awo sai ya tare shi.

"A yi haƙuri, akwai mara lafiya a ciki."

Iya Talle ta ɗaura gyale a ƙugu, ta tsallake mai buzu, ta zo ta wanke Sallau tas a gaban jama'a, mutumin da taimako kawai ya yi.

Wata rana murya ta fara sarƙewa, Tabawa ta ja baiti ta tsaya, ta ja ta tsaya. Nomau ya garzaya wurin Sallau.

"Sallau, za ta sake tafiya."

Sallau na fama da wayoyi, ya zare memorin ya miƙa masa. "Je ka gwada a wayar mutane, mu ga ko daga em-pin ne."

"Su wa da wa?"

"Kowa da kowa, Baba! Ka bar ni in yi aiki."

To, kowa da kowa ɗin ya bi. Mai shayi, liman, direban a-kori-kura, ungozoma, har Iya Talle. Mutumin da ya rabu da shiga gidan kowa, sai ga shi yana sallama zaure zaure. Mata na jin muryar sai su ajiye taɓarya su ce, "Allah sarki Tabawa! Tsaya a tura mana." Sai a tura musu, a kunna. Shi kuwa da Tabawa ta ce a kashe sai ya zare abinsa ya yi gaba. Sa a nan, cire a can, kafin ya kai gidan ƙarshe memori ta tsage biyu.

Sallau ya juya ta ya ce, "Wannan kam ta gama." Nomau ya karɓi abinsa. Ya tafi ya zauna a kan turmi da em-pi a cinya, babu abin dannawa.

Washegari da hantsi sai ya ji ta ta bayan danga. Tabawa ce, a wayar Iya Talle. Ta yi dariyarta ta ce a kashe, Nomau ya lalubi cinyarsa, amma wayar ba a hannunsa take ba. Sai murya ta ci gaba, inda bai taɓa kaiwa ba:

"Ga shi can ya dawo, bari in dama masa fura. Ku yi ta ce masa wawa. Ni tun da na shigo gidan nan ban taɓa faɗa masa magana sau biyu ba. A nuna mini mijin wata haka!"

Nomau ya miƙe ya leƙa dangar.

"Iya, a maimaita."

"Shigo mana ka zauna, ga koko."

Ya shiga ya zauna. Sai da aka ce masa ya tashi sannan ya tashi. Yanzu duk gidan da ya bi ana kunna masa, a haɗa masa da abin taɓawa. Sallau kuwa, mai shawarar gaba ɗaya, ko ludayin kokon ba a aiko masa ba.