Yadda Na Tallata Magani A Bikin 'Yar Malamina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar bikin Bilkisu, 'yar Malam Hashimu na Miga, kuma ko da na so in manta, mutanen Miga sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba. Shekara ta kusa zagayowa, amma har yau in na sauka a tasharsu sai wani ɗan albarka ya tare ni da fuskar tausayi ya ce, "Injiniya, yaya jikin? Ana dai samun sauƙi ko?" Lafiyata ƙalau, jama'a. Ku dai saurara.

Ni mawaƙi ne, kuma ina da sutudiyo a unguwar Takur, cikin Dutse. (In na ce sutudiyo kada hankalinku ya tafi nesa. Shago ne da na manne wa bango kwalin ƙwai da tsohuwar katifa don kada ƙarar babura ta shiga waƙa. Tana shiga.) Sunan Injiniya kuwa ni na raɗa wa kaina, tun ranar da na gyara wayar lasifika da haƙori.

Malam Hashimu shi ya koyar da ni a firamare. Mutum ne da in ya dube ka ta saman gilashi sai ka tuna laifin da ka yi shekara talatin da suka wuce. Da na ji zai aurar da autarsa, na wanke ƙafa har Miga, na durƙusa na ce gudummawata ita ce waƙar amarya, kyauta. Malam ba mai son kiɗa ba ne. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "To. Amma na san halinku, waƙa ɗaya kuke yi wa amare hamsin, suna kawai kuke canjawa. Ni ba na son kwance. In za ka yi wa Bilkisu, ka yi mata tata."

Na dafa ƙirji. "Allah ya gafarta Malam, kiɗan da zan kawo kunnen ɗan Adam bai taɓa jin sa ba. Ko aljanu sai dai su ji a ranar."

Ya ce, "Allah ya sa." Irin "Allah ya sa" ɗin da yake yi min in na ce na yi aikin gida amma akuya ta cinye.

Sati uku aka ba ni. Sati biyu da kwana biyar na yi ina jiran basira ta sauko, ita kuma ashe ta tafi ganin gida. Ranar Alhamis, saura kwana biyu biki, na buɗe kwamfuta na shiga tsofaffin ayyukana ina lalube. Kiɗan da ya fi kowanne daɗi a cikinsu, wanda ko gurgu ya ji sai ya motsa kafaɗa, shi ne na tallan da na yi wa wani mai maganin gargajiya da ake kira Mai Saiwa. Maganin basir yake sayarwa, da mota mai lasifika a ka, kasuwa-kasuwa. Na ce a raina, wa zai gane? Na ɗan rage masa gudu, na ɗora sarewa a kai, na rera baitocin Bilkisu da angonta Nura. Wallahi waƙa ta yi kyau, har ni kaina na kusa yin kuka.

A nan sai na yi wa wanda bai san aikinmu ba ɗan bayani. A manhajar haɗa waƙa, komai a layinsa yake kwance kamar kunyoyin gona: ganga da kunyarta, sarewa da tata, murya da tata. Kowane layi yana da maɓallin da za ka danna ya yi shiru. Tsohuwar muryata ta tallan basir, mai hankali goge ta zai yi. Ni kuwa da ba na zubar da ko tsumma, sai na ja ta can ƙarshen waƙa, inda na bar kiɗa zalla na minti uku don masu rawa da liƙi, na danna mata maɓallin shiru. Wai ko wata rana Mai Saiwa zai dawo neman gyara.

Ina shirin fitar da waƙar ke nan sai ga abokan sana'a sun faɗo, kamar yadda suka saba duk yammacin da suka ji ƙamshin shayi. Ɗanliti ne, mawaƙin siyasa, wanda duk jam'iyyar da ta ci zaɓe tun fil azal yake cikinta. Da Sale mai fiyano. Da kuma Baba Iro, tsohon makaɗin kalangu, wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba, yana zuwa ne kawai ya sha shayi ya yi mana kallon marasa aikin yi.

Mu kuwa ba ma zama minti biyar ba a taso da gardamar manhaja ba. Ni ina amfani da wata da muke kira Koriya saboda launinta, Ɗanliti kuma da wata Mai Toka. (Ba zan faɗi sunayensu na gaskiya ba. Na daina talla, za ku ji dalili.)

Ɗanliti ya leƙa allon ya taɓe baki. "Har yanzu kana kan wannan abar? Injiniya, wannan ai ta 'yan koyo ce. Mai Toka in ta gyara maka murya, ko jaki ne ya yi kuka sai an yi masa liƙi."

"Shi ya sa ka riƙe ta hannu bibbiyu," in ji ni.

Sale ya ce, "Ku duka biyun ku rufa mana baki. Wacce ce a ciki ta san kalangu? Gangunan da ke cikinsu duk kurame ne, dukansu kake ba sa magana. Ni da masu yin abin nan za su ji ta tawa, da sun sa kalangun da zai kira sunan mutum har da na kakansa."

"Ni ba wannan ne damuwata ba," in ji Ɗanliti. "A sa min maɓallin da zai cire kukan zakara. Zakaran maƙwabcina ya fito a waƙoƙina uku, har ya fi ni suna. Sannan in an ɗauke wuta ta riƙe aikin da kanta, ba sai na dawo na tarar da allo fari fat kamar kwanon da aka lashe ba."

"Da wanda zai canja sunan ɗan takara da kansa in an faɗi zaɓe," in ji Sale.

"Wannan ma ina so," Ɗanliti ya amsa, ko kunya babu.

Na ce ni burina a yi wadda ta san Hausa. Mai gyaran muryar nan in ta kama baiti sai ta miƙe shi sambal, hawa da saukar harshe duk ta guge su, ka ji kanka kamar baƙon da ya koyi Hausa jiya a mota.

Duk abin nan Baba Iro yana hura shayi. Sai ya ce, "'Ya'yan nan, ni ma in faɗi tawa?"

"Faɗi, Baba."

"A yi wadda za ta ƙi ba mutum waƙarsa sai ya zauna ya saurare ta tun daga farko har ƙarshe. Ta kulle ƙofa, ta ce zauna."

Na yi dariya har na ƙware da shayi. Na ce, "Haba Baba, wannan ai sai masu koyo. Ni da ido nake jin waƙa. In na dubi allon nan sau ɗaya, na san inda kowane numfashi yake." Don in ƙure Ɗanliti kuma, na jawo linzamin kwamfuta kan layin muryar tallan nan na ce, "Zo ka ga abin da taka ba ta iya ba. Koriya ba ta zubar da komai. Ka ga layin nan? Danna ɗaya, ya farka. Danna ɗaya, ya yi barci. Farka. Barci. Farka. Barci." Haka na yi ta yi ina kallon fuskarsa maimakon allo, kamar mai sayar da tocila a kasuwa. Sau nawa na danna? Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani yanzu shi ne, ban tsaya a kan barci ba.

Na fitar da waƙa, na saurari minti ɗayan farko, na ce, "Zuma!" Na zuba a filashi, 'yar na'urar ɗaukar waƙa, na jefa aljihu.

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi liyafa a filin makarantar Miga, filin da na sha bulala a cikinsa. Na sha babbar riga mai aiki har gwiwa, hula ta karkace, turare kuwa sai da ƙudaje suka yi hijira. Mai gabatarwa ya ce, "Ga ɗanmu, abin alfaharinmu, Injiniya daga Dutse, da sabuwar waƙa fil a leda!" Na miƙa wa mai kula da lasifika filashi, na ce ya ƙure murya.

Waƙa ta tashi. Mata suka rangaɗa guɗa. Amarya ta sunkuyar da kai tana murmushi, ango na gefenta a kujerar alfarma, ya ɗan kishingiɗa ɓari guda irin zaman angwaye masu jin kansu. Malam yana layin gaba da manyan baƙi, har na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin takalmi. Na ce yau na wanke laifin shekara talatin.

Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta karkata kunne ta ce, "Ni kam kiɗan nan kamar na san shi. Ba ranar kasuwa nake jin sa ba?"

Na ce, "Iya, kiɗa mai kyau haka yake, sai ka ji kamar ka san shi tun a ciki."

Baitoci suka ƙare, aka shiga wurin kiɗa zalla. Na faɗa tsakiyar fili ina juyi, riga na tashi kamar lema, ana manna min kuɗi a goshi. Sai kawai na ji wata murya daga lasifika huɗu, murya mai ƙarfi, mai fara'a, muryar da na fi sani a duniya:

"Kai mai zaman ɓari guda! Asirinka ya tonu!"

Ango ya miƙe zaune tsaf kamar an tsikare shi da allura.

"Zama ya gagara? Tsuguno ya zama yaƙi? Daina ɓoyewa, ɗan'uwa, basir ba abin kunya ba ne! Ga Mai Saiwa ya iso!"

Jama'a, akwai shirun da ya fi na maƙabarta, na ji shi a ranar, na daƙiƙa biyu. Sannan tsohuwar nan ta tafa hannu ta ce, "Ai na faɗa! Na mai basir ne!" Fili ya fashe. Yaran gari, waɗanda suka haddace tallan fiye da karatunsu, suka ɗauki amshi baki ɗaya: "Cokali ɗaya da safe, cokali ɗaya da dare!" Abokan ango suka kama shi suna tambayarsa me ya sa bai gaya musu ba tun da wuri. Amarya ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa, har yau ban san kuka take ko dariya ba.

Na ruga wurin na'ura. Babbar riga ta ce ba da ita ba, ta naɗe min ƙafa, na tafi da rarrafe. Mai kula da lasifika ya tafi karɓo shinkafa. Na cafki waya na fizge, sai fankar manyan baƙi ta tsaya. Na fizge wata, makirufon mai gabatarwa ya mutu. Ni kuwa ina can sama cikin lasifika ina yi wa jama'a bayanin yadda ake jiƙa garin maganin da ruwan ɗumi. Sai da wani bawan Allah ya kashe janareta gaba ɗaya sannan na yi shiru.

Da ƙasa tana da ƙofa da na ƙwanƙwasa. Amma dole na je gaban Malam, na durƙusa, naira ashirin na manne a goshina. Na buɗe baki zan ɗora wa manhaja laifi.

Ya dube ni ta saman gilashi. "Muryar waye wannan?"

"Tawa ce, Allah ya gafarta Malam."

"Kiɗan da ko aljanu ba su taɓa ji ba?"

Na shiga sosa ƙeya.

"Ka saurare ta kafin ka kawo?"

"Na saurari… farkonta."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar likitan da ya ga ciwon da ya daɗe da sani. "Tun kana aji huɗu nake ce maka ka duba takardarka har ƙarshe kafin ka miƙa. Kullum kai ne na farkon fita daga jarrabawa, kullum kuma akwai tambayoyi a bayan takardar." Ya cire kuɗin daga goshina ya sa min a aljihu. "Tashi. Ka je ka yi wa Bilkisu tata. Wannan ta ango ce."

Na yi mata, sabuwa dal, cikin kwana huɗu. Na kai har gida, Malam ya sa na zauna a tabarma muka saurare ta tare har sai da kiɗa ya mutu, ya ƙara minti guda yana jiran ko wani abu zai fito. Sannan ya ce, "Madalla." Kalmar da na yi shekara shida a firamare ina nema ke nan.

Labari kuwa ya riga ni isa Dutse. Ɗanliti ya ce lallai ya yarda, Koriya ba ta zubar da komai, har mutuncin mai ita take adanawa ta fitar a bainar jama'a. Mai Saiwa ya aiko min da ƙulli biyu na magani da godiya, wai bai taɓa ciniki a Miga irin na makon nan ba. Baba Iro kuwa kujerarsa kawai ya jawo bakin ƙofar sutudiyo, kuma tun daga ranar, duk sa'ad da na ce na gama waƙa, sai ya miƙe ƙafa ya tare hanya ya ce, "Zauna."

Ashe manhajar da ya roƙa tana nan tun tuni. Shekararta saba'in, ba ta buƙatar wuta, shayi kawai take sha.