Rasuwar Ɗan Bakolori, Firjin Gidan Liman Yakubu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙarƙashinsa wanda ya fi baƙin cikin ɗaci, Khairiyya ta gidan Liman Yakubu a Talata Mafara ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Bakura da Maradun rasuwar firjin gidansu, wanda aka fi sani da Ɗan Bakolori. Ya cika ranar Litinin da hantsi, yana da shekara arba'in da 'yan kai, a bisa bulo huɗun da ya saba tsayuwa.

Kakanta Abdulhadi ne ya kawo shi a bayan tarakta daga sansanin ma'aikatan dam ɗin Bakolori. Tun ranar marigayin bai taɓa neman hutu ba. Ya sanyaya zoɓon Inna da kunun ayan buɗa baki, ya riƙe naman layyar gida uku bai taɓa haɗa na wani da na wani ba. In aka kawo wuta sai ya ce "ƙas", ya ɗan yi shiru kamar mai tuna wani abu, sannan ya kama "hummm". Cikin wannan gunji Khairiyya ta koyi karatu, ta jingina da gefensa mai ɗumi.

Dole a ɗan yi bayanin karatun nata, a yi haƙuri. Tana ajin ƙarshe a kimiyyar sinadarai, kuma aikin kammalawarta a kan iskar tsofaffin firji ne. In iskar ta tsere, takan hau sama har inda rana za ta fasa ta, sinadarin kulorin da ke cikinta ya fito ya fizgi ozon, wato rufin da ke tare mana zafin hasken rana mai cutarwa. Daga nan wannan kulorin mai ɗauke da iskar shaƙa sai ya ci karo da wasu guntayen iska marasa haƙuri da ake kira feroksi. Saurin wannan karo, a sanyi da a ɗumi, shi Khairiyya ta yi wata bakwai tana lissafawa. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne bayan karon, rana kan sake kwance kulorin, ya fita sumul ya koma ɓarna.

Don babi na huɗu, ta bi gidaje sittin da uku, har Dakko da Damaga, da kwanon ruwan sabulu. Ta shafa a bututun bayan firji. In kumfa ta taso, yana yoyo. A Bakura na Goggo Taiba ya yi kumfa, Khairiyya kuwa ta yi mata wa'azi a tsakar gidanta, gaban surukanta, har tsohuwar ta kashe firjin ta koma shan ruwan randa.

Firji ɗaya ne ba ta shafa wa sabulu ba, na gidansu. Ta ga kamar ta sa hannu ne a aljihun kakanta. Sai kawai ta rubuta a shafi na hamsin da biyu cewa shekara arba'in bai fitar da ko numfashi ɗaya ba, ya zama abin koyi. Ta kuma sadaukar masa da aikin gaba ɗaya, sunansa sama da na iyayenta.

Jinyarsa ta ƙarshe kwana tara ce. Gunjin bai tsaya ba, amma ƙanƙara ta daina kamawa. Ran Litinin aka kira Isma'ila mai gyaran firji, ya durƙusa a bayansa ba tare da an nuna masa hanya ba.

"Inna, wanga karon ba dabara," in ji shi. "Tulun tsohuwar iskar ya ƙare, kuma ba a kawo irinta yanzu."

Khairiyya ta ɗago daga littafi. "Wane karon, Malam Isma'ila?"

"Ai shekara shida ke nan ina cika mai iska. Duk bayan wata huɗu."

Ta dubi Inna. Inna ta dubi tsintsiya.

"To mi za mu ce miki?" Inna ta ce. "Kin ga yadda kika yi wa Goggonki. Sai mu bari ki tafi makaranta, sannan mu kira shi."

Khairiyya ba ta ga laifin Inna sosai ba, Inna ruwan sanyi take so. Marigayin ne dai. Shekara shida tana jingine da shi, har ta kai ga zana yadda kulorin ke cin ozon, shi kuwa ta baya yana aika shi sama a hankali, yana yi mata "hummm". Ta haɗa ruwan sabulun da hannunta ta shafa. Daga ɗan abin da ya rage, kumfa ɗaya ta taso, ta yi girma, ta fashe. Sai aka zare masa waya.

Ya rasu ya bar tire biyu na ƙanƙara, kwan fitila ɗaya mai rai, da makullin da ya ɓata tun zamanin Kaka. Ya kuma bar iskar cikawa goma sha takwas a sama, wadda za ta yi kusan shekara ɗari tana yawo. Khairiyya ta lissafa, ta sake lissafawa, ba ta ragu ba.

Ga yadda aka tsara. Ranar Alhamis da safe za ta tsaya gaban malamanta don kare aikin, kuma kafin a tambaye ta za ta ce gidajen sittin da huɗu ne, shafi na hamsin da biyu ba gaskiya ba ne, ko da za a ce ta sake babin. Ranar Juma'a bayan masallaci za ta je Bakura ta durƙusa wa Goggo Taiba, ana roƙon surukan su kasance a wurin kamar wancan karon. Ba a buƙatar 'yan gwangwan, ba za a ba da shi ba.

Ranar Asabar Haidar, yayanta, zai taimaka a tura gawar zuwa ɗakinta, ta zama kabad ɗin littattafai. A hawa na sama za a kwantar da kwafin farko na aikin, mai sadaukarwar, a rufe ƙofa. Masu zuwa gaisuwa su zo da haƙuri, ruwan randa za a sha.