Ruwan da Ya Ƙi Nuna

"...lafiya lau, amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi, maigida. Jinin mutum nawa ka tsotse yau?"

Mai Kwalba ya wuce ciki, tun daga bakin ƙofa idonsa na kan tankin. Awon jini ne aikinsa a asibiti, kullum cikin 'yan kwalabe, shi ya sa kakarsa ta laƙaba masa sunan. Ita kuwa Kaka wata biyu ke nan tana gidansa, tun da aka yi mata aikin gwiwa, kuma kujerarta na daf da tankin gilashin da ya cinye rabin bangon falo. Tanki ne na gani na faɗa: ruwan gishiri, farin yashi, duwatsu masu ramuka, shuɗiyar fitila, ga ɗan inji yana kaɗa ruwa dare da rana. Kifi ne kawai babu.

Ba rowa ta hana shi saye ba. Mai shagon kifi ne ya ja masa kunne cewa sabon ruwan gishiri ba a sa masa kifi sai ya nuna. Ana jefa ɗan abinci ya ruɓe ya saki guba, sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su hayayyafa a jikin duwatsu, su riƙa cinye gubar. Ranar da ka ɗebi ruwan a kwalba ka ɗiga magani ya zama rawaya, to ya nuna. In ya yi kore, da saura. An ce masa mako huɗu, ga shi ana cikin na bakwai. Malama, matarsa, ta riga ta yanke hukunci kafin ta fita makaranta da safe: in Asabar ta yi babu kifi, tanki zai bar falo, teburin cin abinci ya dawo gurbinsa. Yau kuma Laraba. Bawan Allah yana son tankin nan har cikin ransa, kuma tsoro ya fara kama shi.

Ya ɗebi ruwa, ya ɗiga magani, ya girgiza, ya ɗaga kwalbar saitin taga.

"Me ta ce?" in ji Kaka.

"Ba a hanzarta ilimi, tsohuwa."

"Daga nan ina hango ta, kore shar. Ni da aka ce idona ya mutu."

"Rawaya ce mai duhu."

"Haka kai ma fari ne mai duhu. Ni dai na auri abin mamaki. Mazan mutane na kiwon kaji, wasu na kiwon tumaki, nawa ruwa yake kiwo. In ƙawayena suka tambaye ni sana'arka, sai in ce makiyayin ruwa ne, garkensa na falo."

"Ƙawayen naki da suka rage su nawa ne? Biyu, ɗaya ma ba ta ji."

"Wadda ba ta jin ma ta ji labarinka. Ruwa ya nuna. Ayaba ce? Shekarata tamanin da ɗoriya ina shan ruwa, ban taɓa cin karo da ɗanye ba."

"Ai shi ya sa haƙoran suka gudu suka bar ki."

"Sun tafi neman kunnuwanka ne, an ce musu akwai inuwa a ƙarƙashi."

Ya buɗe baki zai rama, sai wani ɗan farin abu ya gifta ta gaban fitila, yana lilo a ruwa. Mai Kwalba ya matsa har hancinsa ya taɓa gilashi. Mutumin da ke gane ƙwayar cuta a ɗigon jini ba zai kasa gane ƙwayar shinkafa ba. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har hammata, ya ɗaga babban dutsen da ke ɓangaren kujerar Kaka. Abin da ya taso daga ƙarƙashi ya isa a buɗe ƙaramin gidan abinci: shinkafa, ɓawon burodi, farin ƙwai, da ƙashin fiffiken kaza da aka gwaguye shi tas. Wari ya biyo baya.

Ya juyo a hankali, ƙashin na ɗiga a hannunsa. Kaka ta duƙufa tana gyara ɗaurin bandejin gwiwarta, wanda babu abin da ya same shi.

"Amarya."

"Na'am, maigida."

"Wannan fa?"

"Kaza ce. Ka yi karatu har ka gaji, ba ka san kaza ba?"

"Ta yaya kaza ta shiga teku?"

"Ƙila iyo ta zo koya."

"Ta zo da shinkafarta da burodinta?"

"Matafiyi ai da guzurinsa yake tafe."

"Kaka, mako bakwai. Na canza magani sau biyu. Na je na yi wa mai shago rashin kunya, na ce gishirinsa jabu ne. Na kai ruwan nan wurin aiki a ɓoye na duba shi a madubin awo, abokan aikina na tambaya wane mara lafiya ne jininsa ya koma haka. Ashe cutar na zaune a kujera tana kallona."

"Kar ka ɗora mini. Wa ya ce akwai masu rai a ciki?"

"Ni na ce, amma..."

"Wa ya ce suna cin abinci?"

"Ɗan mitsitsi, sau ɗaya, a farko."

"Sau ɗaya a mako bakwai. Ka ji azzalumi. Ka tara bayin Allah dubu dubai a gidanka, ka kunna musu fitila ko barci ba sa samu, ka ba su loma ɗaya ka ce su yi ta haihuwa. Wace mai jego ce ke rayuwa a haka? Ni ba a yi baƙo a inda nake ya kwana da yunwa ba, ko ana ganinsa ko ba a gani."

"Ba baƙi ba ne, ƙwayoyi ne. Ba su da baki ma."

"Kai da ke da baki me ka tsinana da shi? Su dai ban taɓa ba su sun mayar mini da magana ba."

"Sau nawa kike ba su?"

"Da rana kawai." Ta ƙara taɓa bandejin. "Da ɗan abin karyawa. In sun yi kamar ba su ƙoshi ba, da la'asar."

"Ta yaya kike gane ba su ƙoshi ba?"

"Ruwan ne ke yin wani iri."

Mai Kwalba ya zauna a hannun kujera, rigarsa jiƙe, ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Lissafi yake a zuci: ya kwashe ƙazantar, ya canza rabin ruwa, ƙila gubar ta sauka cikin kwana uku. Ƙwayoyin da suka yi mako bakwai suna fama da girkin gidan nan ai sun zama ƙarti. Amma ko ta sauka, mai shago ba ya sakin kifi sai ya ga rawaya kwana biyu a jere, ga Asabar ta ƙaraso.

"Kin kashe ni, tsohuwa. Asabar Malama za ta sa a fitar da shi. Na sake ki, saki ɗaya."

"Ka cika uku mana, in huta da warin asibiti."

"Don Allah me ya kai ki?"

Kaka ta kalli tankin, ba ta kalle shi ba.

"Kai ka fita tun da safe, Malama ta fita. A ajiye mini abinci a cikin kula, a ja ƙofa. Ni tun da aka haife ni ban iya cin abinci ni kaɗai ba, ba ya wuce mini. Sai na ce to ga waɗannan, ko ba su iya hira ba ai suna da rai. In ci loma, in ba su loma."

Maganar ta dake shi, kunya ta rufe shi. Wata biyu yana shigowa gidan nan da gaisuwa a baki da ido a kan gilashi, bai taɓa tambayar yadda take wuni ba. Ya ajiye ƙashin a kan faranti, ya ciro waya daga aljihu, ya buɗe hotunan da mai shago ya turo masa.

"Matso da idon nan naki da ya mutu. In an bar mana tankin, ke za ki zaɓi kifin farko, kuma abincinsa na rana a hannunki yake. Amma da ɗan cokalin da zan ba ki, ba da ludayi ba."

"In an bar mana? Ai an bari. Tun jiya na ce wa Malama ranar da tankin nan ya fita, a haɗa da kujerata, ni ma a ajiye ni inda aka ajiye shi. Ta ce a ƙara muku wata guda."

"Tun jiya? Ta kuma tsaya da safe tana yi mini barazana?"

"Ni na ce kar ta faɗa maka. Ina son in ga yadda kunnuwan ke yi in ka tsorata."

Ya nuna mata wani ɗan kifi ruwan goro mai fararen ɗamaru uku, ya ce shi kowa ke farawa da shi, ga juriya ga kyau. Kaka ta ture shi da yatsa. Ta wuce shuɗi, ta wuce mai ratsin zinariya, sai ta tsaya a kan wani mai launin ƙasa da ya leƙo daga rami, idanu a waje, baki a turɓune.

"Wannan."

"Kaka, duk shagon babu mummuna kamarsa. Ba ya komai sai zama a kan dutse yana harare-harare yana jiran abinci."

"To ka ga mun dace. Kyakkyawan miji wahala ne, ni na saba da irinku."

Mai Kwalba ya yi dariya har wayar ta kusa faɗawa ruwa.

"Na ji, kin ci. Tashi ki riƙe mini bokiti, uwar marasa baki, mu kwashe walimar da kika yi musu."