Ranar da 'Yan Fim Suka Bi Littafi

Ko zan manta da komai na bikin Balki, ba zan taɓa mantawa da yinin da aka baje kayan ɗakinta a tsakar gidan Gwaggo Dije ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in fara da halina. Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Gazawa, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da cika baki a kan littafi. Da an ce an mayar da wani littafin Hausa fim, sai in taɓe baki in hau wa'azi: 'yan fim ba sa karatu, ba sa bin labari, nasu dai a cusa waƙa a ƙare da aure. (Rabin finafinan da nake kushewa ban ma kalle su ba, amma wannan bai taɓa hana ni magana ba.)

Gwaggo Dije ƙanwar babana ce, tana wani ƙauye kusa da Cadawa. Ɗanta namiji guda ne, Lawali, yayan Balki. Ya tafi ci-rani Libiya, ya kira daga Agadas ya ce da safe za su hau mota, daga nan shiru. Shekaru suka yi ta wucewa, babu labarin rai, babu na mutuwa. Ga yanar ido ta rufe mata gani. Don haka in na je hutu nakan karanta mata littattafan da ake shigowa da su daga Katsina, tana ɓarar wake tana saurare.

Wani hutu na ɗauko sabon littafi ban duba cikinsa ba. Ashe labarin wani saurayi ne da ya bar uwarsa ya shiga sahara neman arziki. Kafin in ankara Gwaggo ta ajiye waken, ta matso har gwiwarta na taɓa tawa. Da na keɓe na leƙa ƙarshe, sai na ga motarsu ta lalace a hanya, ƙishirwa ta kashe shi, aka binne shi a cikin rairayi.

To, ranar da muka kai shafukan ƙarshe, idona yana kan takarda, bakina kuma yana zuba nasa. Na ce masu raƙuma sun tsince shi da sauran numfashi, ya yi shekaru yana musu kiwo a inda babu waya, sannan wata damina ya yi sallama a ƙofar gidan uwarsa. Gwaggo ta yi kuka har ta gode Allah.

"Mai rubutun nan ba shi rubuta abin da bai gani ba," in ji ta. "Ashe ana komowa, ɗiyata."

Ta karɓi littafin ta naɗe shi a tsumma ta sa a cikin kwalla. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mata ya kamata a yi wa Lawali addu'ar mamaci, sai ta ce ai akwai wanda ya fi shi daɗewa kuma ya komo, yana nan a rubuce. Ni kuwa (Allah Ya yafe mini) har wani daɗi nake ji, ina ganin ƙarshena ya fi na marubucin tsari.

Sai bikin Balki ya zo. A cikin kayan ɗakinta akwai 'yar tele, wato talabijin, mai aiki da hasken rana, kuma da la'asar mata suka cika gidan ganin kaya, har da dangin ango. Ina zaune kusa da Madam Zainabu, abokiyar aikina, wadda ni da kaina na jawo ta bikin. Aka ce a gwada tele. Wata ƙawar amarya ta ce ai tana da sabon fim a katin wayarta, kuma na littafin nan ne da na karanta wa Gwaggo.

"A matso mani da ita nan," in ji Gwaggo. "Ko ban gani ba, na ji."

A nan ne mai hankali zai ce batir ya yi sanyi, ko a bari sai an gama biki. Ni sai na yi lissafi irin na gwanaye. Na ce a raina, yaushe 'yan fim suka taɓa barin kyakkyawan saurayi ya mutu? Ai da mota za su dawo da shi, a yi rawa. Wato abin da na shekara ina zaginsu a kai, shi na dogara da shi. Har na ɗaga murya na ce, "Ku sa shi, ku ga yadda ake ɓata littafi."

Da farko kuwa ba su ba ni kunya ba. Gidan talakan uwar har da kujeru na alfarma, saharar tasu kuma gulbi ne da ya ƙafe, ana hango bishiyar dogon yaro a bayansa. Sun ƙirƙiro budurwar da babu ita a littafi, an yi waƙa, an sake yin waƙa. Ina ta sharhi, mata suna dariya, ina ƙara gyara zama.

Sai mota ta lalace. Ruwa ya ƙare. Na zuba ido ina jiran raƙuma ko motar jandarma, ko ma budurwar nan ta ɓullo da buta. Ba wanda ya zo. Saurayin ya kira sunan uwarsa da irin kalmomin da ke cikin littafin, ko wasali ba su canza ba, ya yi shiru. Aka tura masa rairayi, rubutun ƙarshen fim ya fara hawa.

Gidan ya yi tsit, don kowa a wurin ya san da Lawali.

"Mi ya hwaru?" in ji Gwaggo. "Ina masu raƙuman?"

Maimakon in yi shiru, sai na miƙe tsaye kamar ina gaban allo. Na ce, "Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan kullum! Sun yanke ƙarshen, sun kashe yaron mutane a banza!" Bakina dai bai tsaya ba.

Wata daga dangin ango ta ce a hankali ita dai ta ji an ce haka yake a littafin. Nan Gwaggo ta fusata saboda ni.

"Ɗiyata ba ta ƙarya. Balki, ɗauko mani takardar nan cikin kwalla."

Aka kawo. Na miƙa hannu, amma ina tsaye can gefe wurin wa'azina, Gwaggo kuma ta laluba ta danƙa wa wadda ke kusa da ita. Madam Zainabu ba ta taɓa karanta shi ba, ba ta san komai ba. Ta buɗe shafin ƙarshe ta fara karantawa da muryar nan tata ta aji. Ta yi layi kaɗan, muryar ta fara raguwa, ta ɗago ta dube ni.

"Ci gaba," in ji Gwaggo. "Kai wurin da ya yi sallama."

"Inna, nan ya ƙare."

Kun san abin da na ce? Na ce wataƙila bugu biyu ne. Littafin da ke naɗe a kwallarta tun ranar da na rufe shi! Ko dariya ba wanda ya yi mini, kuma da an yi da na fi samun sauƙi. Balki ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka, lalle a hannunta.

Can Gwaggo ta juya wajen Madam Zainabu.

"Cikin takardar, an yi mashi salla?"

"An yi, Inna. Abokan tafiyarsa sun yi taimama sun yi masa."

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Ko wannan ma wani abu ne."

An kai amarya washegari, amma guɗar ma ba ta fita da kyau ba. Bayan biki Gwaggo ta aika aka kira liman, aka yi wa Lawali addu'a, ta rabar da tufafinsa. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na daɗe ina kauce wa ƙauyen, sai da ta aiko a tambaye ni ko ta yi mini laifi ne. Na je, da littafi a jaka, ina jin kunyar fito da shi. Ta ji motsin takarda.

"Karanta, ɗiyata," ta ce. "Amma in kin kai wurin da aka mutu, ki bari a mutu."

Yanzu in gardama ta tashi a lakol kan ko fim yana kamo littafi, sai a juyo a ce, "Madam, ke fa?" Nakan ce su ci gaba, ina gyaran takardun yara. A duk waɗanda na sani sun taɓa canza ƙarshen littafi, babu wanda ya yi ɓarna kamar tawa, kuma ni ko kyamara ban riƙe ba.