Yadda Za Ka Sayar da Abokin Wasa ga Gidan Talabijin

Kai da aka damƙa wa wasannin jami'a a Amurka, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari asusunka zai cika, ka kuma kashe zumuncin mutane ba tare da an kama hannunka ba. An gwada a kan Maitama, na gani da idona.

1. Ka san wanda za ka cuta

Maitama Bakano ne, mai haɗa magunguna a Beltsville. Tun da ɗansa Khalil ya shiga jami'arku, uban ya ɗauki ƙungiyarku ta ƙwallon kwando ya ɗora a ka. Amininsa Hashimu kuwa Bazazzagi ne, injiniya a Annandale. 'Yarsa ta yi jami'ar tsallaken kogi, wadda kuke rukuni ɗaya da ita, kuna karawa duk shekara tun ba a haife ka ba.

Suna da ƙa'ida: wanda aka ci shi zai sayi tsire wurin wani mutumin Nijar a Gaithersburg, ya kai gidan wanda ya ci, ya zauna a yi masa tsiya har nama ya ƙare. Aiki da cunkoson hanya sun cinye sauran ziyara, wannan kaɗai ta rage musu. To, ita za ka kashe.

2. Ka daina kallon fili, ka kalli taswira

Masu talabijin ba ruwansu da wa ya iya ƙwallo. Gidaje suke ƙirgawa, nawa ne za su biya kuɗin kebul, wato kuɗin kallon tashoshinsu. Nemo rukunin da ya fi kwantiragi mai tsoka, ko da jami'o'insa suna can cikin gonakin masara inda sai an hau jirgi. Yara za su yi karatun jarrabawa a filin jirgi, ai wannan ma ilimi ne.

3. Ka rantse ba inda za ka

Tara 'yan jarida, ka dafe ƙirji, ka ce tarihi ba na sayarwa ba ne. Ka yi haka ana gobe za ka sa hannu kan komawa sabon rukunin. Maitama ya ji wannan rantsuwa a mota, har ya ce wa matarsa Mairo, "Kin ji dattijo."

4. Ranar sanarwa, kada kalmar kuɗi ta fito daga bakinka

Ka ce makomar ɗalibai. Ka ce sabon babi. In hawaye zai zo, bar shi ya zo.

A ranar, Hashimu ya bugo wa Maitama waya yana dariya. "Bakano, har jami'ar ma kun koya mata kasuwanci? Nawa aka saye ku?"

"Gudun ku muka yi don tausayi," in ji Maitama. "Kullum kai ne da ɗawainiyar tsire."

Suka yi ta dariya. Sai da Maitama ya ajiye waya ya tuna babu sauran wasa tsakanin ƙungiyoyinsu.

5. Ka sayar masa da abin da ka ƙwace

Yanzu wasanninku suna sabuwar tasha, sai ya ƙara biya. Zai biya, kada ka damu. Maitama ya biya, ya zauna shi kaɗai yana kallon ƙungiyarsa tana karawa da mutanen da ko sunan garinsu bai iya faɗa ba. An ci, ba wanda zai tsokana. An sha kashi, ba mai tsokanarsa. Ya kira Khalil, yaron ya amsa da Turanci cewa kasuwanci ne kawai, Baba.

Ya kira Hashimu. Ya gida, ya iyali, ya aiki, ya sanyi. Gaisuwa ta ƙare. "To, a gaida Hajiya," in ji Hashimu. Abin ya yi wa Maitama ciwo ƙwarai.

6. Ka yi hattara da mai taurin kai

Nan ne tsarin yake yoyo. Wata Asabar baƙin can suka lallasa ƙungiyarku. Washegari Maitama ya bi ta Gaithersburg, ya sha cunkoso, ya ƙwanƙwasa ƙofa a Annandale da ƙunshin tsire a hannu.

"Lafiya?" in ji Hashimu.

"An ci mu."

"Ai ba mu muka ci ku ba."

"Na sani. Su waɗancan ban san gidansu ba. Karɓi, ka yi min tsiyar a madadinsu."

Hashimu ya dube shi, ya dubi naman, ya matsa gefe. "Shigo, Bakano. Wallahi na tara maka ta shekara biyu."

Irin wannan ziyara ba ta kawo maka ko sisi. Har yau masana suna neman hanyar da za a sa mata kuɗin kebul.

Hattara: in ka bi shawarar nan kujerun filinka suka koma wayam, ko tsofaffin ɗalibai suka daina amsa gaisuwarka, ba ruwana, ban san ka ba. Tsiren kuma ba a rage maka ba, Hashimu ya ce kai ba abokin wasan kowa ba ne.