Sabon Tsarin Mai Girma Ya Shigo Mini Faranti

Jama'a, jiya na ci gayan shinkafa a gidana, naman da na sayo da gumina yana gefe yana kallona.

Ɗana Nu'uman ne mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon kwalejinsu a nan Makka. Duk ranar wasa, ko sun yi nasara ko an lallasa su, yaran sukan biyo shi gidanmu a Utaibiyya, uwarsa Shatu ta juye musu kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama, a faranti ɗaya. Naman wuya kuwa kowa ya san nawa ne.

Sai Allah ya azurta mu da Mai Girma Uban Wasannin kwalejin, bawan Allahn da ba ya gudu sai an kira walima. Ya kawo sabon tsari: wanda ya zura ƙwallo a raga shi kaɗai ke da kyautar kuɗi da hoto a bango. Wanda ya miƙa masa ƙwallon, Allah ya saka masa da alheri.

Jiya na je kallo. 'Yan ƙungiya ɗaya suna ta ƙwace ƙwallo a ƙafar juna, kamar rabon ruwan sanyi a Arfa. Can na hango ɗana a bakin ragar abokan karawa, har da safar hannunsa.

Na daka masa tsawa: "Ya walad, kai yaro, koma ragarka!"

"Khalas, na gama da ita, Baba, can ba a biya!"

Maƙwabcina Malam Wada ya taɓa ni. "In ba mai son ragar nan, zan kai wa tantabaruna."

Aka zazzaga mana ƙwallaye har mai ƙirga ya gaji. Mai Girma ya miƙe daga inuwarsa ya ce bai taɓa ganin wasa mai albarka irin wannan ba.

Bayan magariba yaran suka zo, ba mai kula wani, kowa na neman a zuba masa nasa daban. Wallahi abin ya sosa mini rai. Shatu ta gama jin labarin tsaf, ta juye shinkafa, ta tsince naman kaf ta ajiye a gabanta.

"Sabon tsari," in ji ta. "Ni na dafa."

"Haba Hajiya, ni fa na sayo shi, cikin zafin ranar nan!"

"Kai miƙowa ka yi. Allah ya saka maka da alheri."

Yara suka kalli juna, suka matso suka sa hannu a faranti ɗaya.

Ranka ya daɗe Mai Girma, mun gode da wannan ci gaba. Roƙona ɗaya ne: walimar ƙarshen shekara, a ba Shatu girkin, kai kuma ka miƙo naman.